Shin a sa wa tsohuwar akori-kura 504 babban inji?

Tambaya: Baba, mahaifinmu ya rasu ya bar mana akori-kura Peugeot 504. Da ita nake kwaso shanshera daga fadamun Auyo zuwa Gujungu ran Lahadi, wani lokaci har Haɗeja. Yanzu ba ta ja, in an yi mata lodi sai na riƙa komawa giya biyu, ga yawan zafi. An ba ni shawarar in sa mata injin Hilux mai 2.7, wani ma ya ce mai silinda shida. Me ka gani?

Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kai haske kabarinsa. Ɗana, amsar a taƙaice ita ce ana yi, kuma na ga waɗanda aka yi suka zauna lafiya. Amma injunan nan biyu da aka ambata maka ba su zan sa wa motarka ba, kuma kafin ka taɓa aljihu ina so ka tabbatar injin ne ba shi da lafiya.

504 ba raguwar mota ba ce. Faransawa sun fito da ita a 1968, kamfanin PAN na Kaduna ya fara haɗa Peugeot a 1975, aka yi ta yin 504 a can har tsakiyar shekarun 2000, bayan an daɗe da daina yin ta a Turai. Motar da ta yi shekaru tana jan buhuna a hanyar burji, in ta wayi gari tana neman giya biyu a fili, ba ƙanƙancewa injin ya yi ba, wani abu ne ya gaji. Ka kai ta wurin bakaniken da ke da agogon awon ƙarfin silinda, a kwance fulogi huɗun a auna ɗaya bayan ɗaya. In bambancin da ke tsakaninsu ya wuce kashi 10 cikin 100, ko duka sun yi ƙasa, to ringi ne ko bawul. In awon ya yi kyau, a duba tayimin, a wanke kafireto, a duba ko salansa ta toshe. A ɗaga kowace ƙafa a juya taya da hannu, don birkin da ke riƙewa yana cinye ƙarfin mota yana kuma sa ta zafi, mai ita na ta zargin inji. Sai kuloci: in ka taka totur injin ya yi kuka amma gudu bai ƙaru ba, kulocin ne ke sulɓewa. Sannan ka dubi tayoyinka. Mutane da yawa suna sa manyan tayoyi don gindin mota ya tashi daga yashi, ba su san sun rage mata ja a kowace giya ba.

Injin fetur na 504 yana da wata baiwa da yaran yanzu ba su cika sani ba. Silindarsa hannun riga ce da ake zarewa. Ba sai an kai bulo an faɗaɗa rami ba, ana sayen hannun riga da fistin da ringi saiti guda, a zare tsofaffin a zura sababbi, a gyara bawul, a sa sabon gasket da metal, inji ya dawo kusan yadda ya fito daga Kaduna. Sau da yawa wannan aikin kaɗai ke maido wa mutum motar da yake tunawa a hannun mahaifinsa, kuma kuɗinsa bai kai na sauya inji ba ko kusa.

To, a ce an auna an ga lallai sai an sauya. Fara da sanin wanne ke cikinta, don dangin injin nan girma uku ne: akwai mai cc 1618 wanda aka gada daga 404, akwai mai 1796, akwai mai 1971 da muke kira 2.0. In ɗaya daga ƙananan biyun ne a motarka, maganarka ta zo da sauƙi. Nemi 2.0 na 504 ko na 505 mai kafireto. Gida ɗaya suka fito, kwanciyarsu ɗaya, yana hawa kan mazauninsa ya kama giyarka ba tare da an yanka ƙarfe ko ɗaya ba. Abin da ya raba 1796 da 1971 faɗin silinda ne kawai, milimita 84 da 88, tafiyar fistin ɗaya ce, milimita 81. Ƙarin ba mai yawa ba ne a takarda, amma a ƙarƙashin lodi za ka ji shi, kuma duk bakaniken da ke bakin tasha daga Ringim zuwa Gumel ya san cikinsa da hannu. In ka tambaye ni abin da zan yi wa motar gidana, wannan ne.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ƙi waɗancan biyun. Abin da kake nema, in na fahimce ka, shi ne ka ɗauki kaya da yawa ka isa kasuwa da wuri. Amma ba inji ne ke ɗaukar kaya ba, shi ja kawai yake yi. Masu ɗauka su ne shasi da sifirin da aksil da boris da taya. An yi akori-kura 504 ne don tan ɗaya da 'yan kai, wato buhu goma sha ɗaya ko sha biyu na masara mai kilo 100, kuma ni da kai mun san abin da ake ɗora mata ranar kasuwa ya wuce haka nesa, ga mutane a saman kaya. Ko dawa zalla ka ciyar da jaki, mangalar da gadon bayansa zai iya ba ta ƙaru ba. Ƙaramin inji yana yi wa motar wata kariya da ba a lura da ita: in kaya sun yi yawa sai ya ƙi ja, dole ka rage. Ranar da ka sa mai ƙarfin doki 150, kamar 3RZ na Hilux mai cc 2693, wato mai 2.7 ɗin da aka ambata maka, wannan kariya ta tafi. Zai ja duk abin da ka ɗora, nauyin kuma ya koma kan sassan da ba su iya yi maka kuka sai sun karye. Injin 2.0 na asali bai kai doki 100 ba, kuma daidai wannan aka auna haƙoran giya da na aksil. Wurin da suka fi karyewa shi ne cikin yashi, lokacin da taya ke juyawa a banza sannan ta cafki ƙasa mai tauri farat ɗaya da cikakken lodi. Nan sandar aksil ke murɗewa.

Birki kuwa shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Nauyin aikin birki ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba, ninkuwa yake yi. Motar da ke tafiya kilomita 70 a awa tana buƙatar kusan ninki biyu na aikin birkin da take buƙata a kilomita 50, da kaya iri ɗaya. Babban inji zai kai ka 90 da lodi ba ka ji ba, birkin kuma na nan na jiya, faifai a gaba, daram a baya. Ka san yadda hanyoyinmu suke ranar kasuwa: shanu na tsallakawa daga burtali, amalanke ba fitila, yara a bakin kwalta, masu babur na fitowa daga lungu. Ko wane inji ka sa, ko da 2.0 ɗin ne, sai an sabunta birki gaba ɗaya tukuna: robobin masta, tiyo na roba da suka tsufa, takalman baya, a zubar da tsohon mai a zuba sabo. Wanda kuɗinsa bai kai ya yi inji da birki tare ba, ya yi birki ya jira.

Sannan shi 3RZ galibinsa mai injekta ne, da ƙwaƙwalwa da wayoyi da na'urorin awo. Inji ne nagari ƙwarai, a cikin Hilux ɗinsa. A cikin motarka sai an sa famfon mai na lantarki mai matsi, an ja bututun mayar da mai tanki, an ɗinka wayoyinsa da na motar da ba a yi ta don wannan fasaha ba. In ya ɗauke maka da magariba tsakanin Miga da Jahun, ba kowane mai rewaya ne zai gane kansa ba, kuma man jarka na bakin hanya, da ƙurarsa da ruwansa, yana saurin kashe nozul. Mai silinda shida kuma ka cire shi daga lissafi. Ga nauyi a kan ƙafar gaba, ga zafi, ga sha. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, kowace lita daga ribar buhu take fita.

In dai zuciyarka ta kafe a kan Toyota, saboda kayan gyaransa sun fi samuwa yanzu, wannan hujja ce mai kyau kuma ba zan raina ta ba. Amma ka tsaya kan masu kafireto: 22R mai cc 2366, ko 4Y mai 2237, ko 3Y mai 1998. Ƙarfin dokinsu bai yi wa na Peugeot nisa ba, sai dai manyan biyun sun fi shi ja tun daga ƙasa, kuma mai ɗaukar kaya ja daga ƙasa yake nema, ba gudu ba. Sharaɗina guda ne: a sayo inji da giyarsa tare. Kada ka yarda a ce za a yanka faranti a aurar da injin Toyota da giyar Peugeot a gindin bishiya. Sandar giya dole ta shiga tsakiyar karanshaf daidai, kuskuren da ido ba ya gani ya isa ya riƙa cinye kuloci da boris duk bayan 'yan watanni, kai kuma kana ta sauya kaya ba ka san tushen ciwon ba.

Ko da giyarsa aka zo, aikin ba ƙarami ba ne, kuma a nan ake gane gwani. Injin 504 a kishingiɗe yake, an karkatar da shi digiri 45, shi ya sa bonet ɗinta ya yi ƙasa. Na Toyota a tsaye yake cak. In aka ɗaga shi don kaskon baƙin mai ya kuɓuta daga ƙarfen gicciye da sandar sitiyari, sai kansa ya nemi bonet. In aka sauke shi, kasko ya kusanci ƙasa, kuma a hanyar da manyan motoci suka haƙa da damina tudun tsakiya zai fasa shi. Shi ya sa ake auna wurin da tef kafin a biya kuɗin inji, a kuma duba ko tulun kaskon a gaba yake ko a baya, don Toyota ta yi iri-iri gwargwadon motar da injin ya fito. Mazaunin inji a yi shi da farantin ƙarfe mai kauri, a ɗaure da kusoshi, roba a tsakani. Kada a bi tsohon shasi da walda a gicciye, gefen waldar ne ke tsagewa in an sha gargada. Salansar 22R ta hagu take fitowa, ɓangaren direba, inda sandar sitiyari da bututun birki da na kuloci suke, don haka sai an sa garkuwar ƙarfe a tsakani kada zafi ya tafasa man birki. In motarka mai giyar sitiyari ce, za a huda daɓe a fito da sanda a ƙasa, ka san da haka tun yanzu saboda mai zama a tsakiya.

Farfela ita ce inda aka fi yin ganganci. Tsawonta zai sauya, kanta na gaba zai zama na Toyota, na baya na Peugeot. Wannan aikin mai injin fiƙe ƙarfe ne, wanda zai ɗora ta ya juya ya ga ta miƙe sak kafin a yi walda, ba aikin mai walda da ido ba. Kuros na gaba da na baya su dubi fuska ɗaya, kuma karkatar inji da giya ta yi daidai da karkatar hancin aksil. In aka kuskure, za ka ji mota na kaɗuwa a wani gudu, in ka wuce shi ta lafa. Masu mota kan saba da wannan kaɗuwar su ce halinta ne, alhali tana nan tana cin boris ɗin bayan giya da na aksil a hankali.

Kafin ka zaɓi inji da giya, ka san lissafin aksil ɗinka. Ɗaga taya ɗaya ta baya, ɗayar na ƙasa, ka sa alli a taya da farfela, ka juya tayar sau biyu cif kana ƙirga juyin farfela. Abin da ka samu shi ne lissafin. In adadin na da yawa, motar za ta ja sosai amma inji zai riƙa kuka a kan kwalta, sai ka nemi giya mai biyar. Wannan ya fi muhimmanci in injin gas, wato dizal, kake tunani.

Maganar gas kuwa, na san za a kawo maka ita. Peugeot da kanta ta yi 504 mai injin gas, akwai mai cc 2304, kuma a 505 akwai mai 2498. A Toyota akwai 2L da 3L da 5L. Suna da ja, ba su da shan mai kamar fetur. Amma sun fi nauyi, ƙafar gaba za ta zauna sai an ƙarfafa ta. Ba sa juyawa da sauri kamar na fetur, don haka da aksil ɗin fetur gudunka zai ragu. Suna son babban batir. A wanke tanki tas, a ja bututun dawowar mai, a sa matata mai raba ruwa. Abu mafi haɗari shi ne injin gas ba ya samar da zuƙar iskar da ke taimaka wa birki, sai da ɗan famfo na musamman, wanda a waɗannan injunan Toyota yake manne a bayan altaneta. In aka sayar maka da inji aka musanya altanetar da ta fetur, za ka taka birki ka ji shi kamar dutse. Su kuma na Toyotan da bel suke tayimin, ba sarƙa ba, ka sa sabo ranar da aka ɗora injin, kada ka dogara da wanda ya zo da shi. Sannan ka tambayi kuɗin litar gas da na fetur a gidan man da kake sha, ka yi lissafi da tafiyarka ta mako, ka haɗa da kuɗin gyaran famfo da nozul, wanda sai an shiga birni.

Ka ce tana zafi. Wannan ka magance shi ko ba ka sauya komai ba, don wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da inji ya ƙona ta lagireto yake fita, babban inji kuma zafinsa ya fi. A watan Afrilu da Mayu ƙasarmu na haura digiri 40, kai kuma kana tafiya a hankali cikin rairayi da lodi, iska ba ta bugun gaba. Tsohon lagireto da ya sha ruwan rijiya shekara da shekaru rabin bututunsa a toshe yake da farin gishiri. A buɗe shi a zura, ko a sa mai layi uku. A mayar da kwandon da ke kewaye fanka, wanda yawanci an jefar tun tuni, don shi ke tilasta wa iska bi ta cikin lagireto. Murfi ya zama mai riƙe matsi, shi ke hana ruwa tafasa a digiri 100. Al'adar nan tamu ta cire tamostat da zarar mota ta shigo ƙasar nan ban yarda da ita ba. In yana aiki a bar shi, da sanyin hunturu inji na buƙatarsa, kuma cire shi ba ya warkar da toshewar lagireto. Agogon zafi ya zama yana aiki da sabon injin, a gwada shi a gabanka. Matatar iska kuma, kada a bar kafireto a buɗe don wai tukunyar asali ba ta sami wuri ba. Ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta cinye sabon ringi.

Don yashin kansa, rage iskar tayoyin baya kaɗan kafin ka shiga, ka mayar in ka hau kwalta, ya fi ƙarin doki amfani. Mota mai ja da baya kawai, in ƙarfi ya yi mata yawa, rami take haƙa wa kanta.

In za ka saya, ka tafi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da bakaniken da zai yi aikin, ba kai kaɗai ba, ba kuma da ɗan kamasho ba. A tayar da injin a ƙasa ka ji shi da sanyinsa. A buɗe murfin baƙin mai, in ka ga kumfa fari kamar madara, ruwa na shiga. A zare fulogi a duba, in mai kaya ya yarda a sauke kasko. Ku yi ciniki a kan komai da komai: kik, altaneta, kafireto, distiributa, fulawil, bututun shiga da na fita, ƙafafun mazauni. Waɗannan ƙananan in aka bar su sai an dawo saye ɗai-ɗai, nan kuɗi ke zurarewa. A yi maganar kwanakin gwaji a gaban shaidu, a rubuta. Rasit ya ɗauki lambar inji da sunan shago, kai kuma ka duba lambar a jikin bulo da idonka, in ka ga alamar an goge ko an sake bugawa, ka bar shi komai arharsa. Da wannan rasit za ka je ofishin lasin a gyara takardun mota su dace da sabuwar lamba, don kada ranar kasuwa jami'an duba motoci su tsare ka da kayan mutane a baya.

Tsohon injin mahaifinku kada ka bayar da shi a cikon ciniki, don abin da za a saya ba zai kai darajarsa ba. Zuba masa baƙin mai ta ramin fulogi, toshe ƙofofinsa, ɗora shi kan katako a ɗaki. Ka kuma roƙi mai aikin kada ya yanka abin da ba zai mayu ba. 504 mai kayanta na asali tana ƙara wuya, kuma motar gado ce, akwai 'yan'uwanka a ciki, ya kamata su san abin da za a yi kafin a yi.

Bayan an gama, makon farko ka yi shi da rabin lodi. Kowace safiya duba ruwa da baƙin mai da ƙasan mota. Bayan tafiya ta farko mai nisa a sake bin kusoshin mazauni da na farfela da na sifirin da sifana, ka kai bayan hannunka kusa da tulun aksil da kowace ƙafa ka ji ko wata ta fi sauran zafi. In ka samu awon silindar nan huɗu da lambar da ke jikin bulo, aiko mini, zan gaya maka ko hannun riga kawai take so.